Na'urar Auna Naitiret da 'Yan'uwansa a Ƙasa da Ruwa: Yadda Take Aiki da Amfaninta ga Manomi

Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, wato sinadarin da ke sa shuka ta yi kore shar ta kuma yi girma. Wannan kowane malamin gona zai gaya maka. Abin da ba wanda zai iya gaya maka da ido shi ne: bayan sati uku, an yi ruwa mai ƙarfi sau biyu ko uku, nawa ya rage a inda saiwar masararka take? Yawancinmu sai mun ga ganyen ƙasa ya fara rawaya sannan mu farga, alhali lokacin an riga an yi asara. Wani kuma don tsoron hakan sai ya yi ta ƙara taki a gonar da ba ta buƙata.

Akwai ƙananan na'urori, wasu ba su fi biro kauri da tsawo sosai ba, da ke auna irin waɗannan sinadarai cikin minti ɗaya ko biyu. Wannan bayani zai nuna maka abin da suke aunawa, yadda suke yi, yadda za ka karanta lambar da suka ba ka, da inda suke yin ƙarya idan ba a kula ba.

Mene ne sinadari mai cajin negetif?

Ka dubi batirin mota ko na babur, yana da kai biyu, ɗaya fozitif ɗaya negetif. To haka gishiri da taki suke. Da zarar sun narke a ruwa sai su rabe zuwa ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, wasu ɗauke da cajin fozitif, wasu da na negetif. Gishirin miya misali, yana rabewa gida biyu: sodiyam mai fozitif, da kulorayid mai negetif. Shuka ba ta cin taki yana ƙwaya, sai ya narke ya koma waɗannan ƙwayoyi masu caji sannan saiwa ta zuƙe su.

Masu cajin negetif da suka shafi manomi su ne:

Naitiret: babbar hanyar da masara, dawa, gero, tumatir da albasa ke samun naitirojin.
Fosfet: shi ke cikin takin sufa da kamfa, yana gina saiwa da ƙwaya.
Salfet: gyaɗa, waken suya da albasa na buƙatarsa.
Kulorayid: kaɗan ya ishi shuka, idan ya yi yawa sai ya ƙona bakin ganye.
Fulorayid: ba abincin shuka ba ne, amma yawansa a ruwan sha yana lalata haƙora da ƙashi.

Me ya sa cajin ya dame ka?

Idan ka taɓa wasa da maganaɗisu biyu, ka san in ka haɗa fuskoki iri ɗaya ture juna suke yi. Galibin laka da ruɓaɓɓen taki da ke cikin ƙasa cajin negetif gare su. Saboda haka suna riƙe masu fozitif, irin su amoniyam da fotasiyam, amma naitiret ba su da abin da za su riƙe shi da shi. Yana nan yana yawo cikin ruwan ƙasa, duk inda ruwa ya bi sai ya bi. A ƙasar jigawa mai rairayi, ruwan sama guda mai ƙarfi na iya gangarar da shi ƙasa da inda saiwa ke kaiwa.

Yuriya da ka zuba ba naitiret ba ce tun farko. Cikin 'yan kwanaki takan koma amoniyam, sannan ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa su mai da amoniyam ɗin naitiret cikin sati ɗaya zuwa uku idan akwai ɗumi da danshi. Daga nan ne tsere ke farawa tsakanin saiwa da ruwa. Wannan shi ne dalilin da ake ce maka ka raba taki gida biyu, kuma shi ne dalilin da gwajin naitiret na bara, ko ma na watan jiya, ba ya gaya maka halin da gonarka ke ciki yau. Fosfet kam ya sha bamban: duk da cajinsa negetif ne, ƙarfen da ke cikin jar ƙasa yana damƙe shi ƙam, shi ya sa ba ya gudu, kuma gwajinsa sau ɗaya kan isa shekara biyu ko uku.

Yadda na'urar take aiki

Duk na'urar tana da sassa uku. Na farko shi ne bakin da ke taɓa ruwan gwaji, wanda aka lulluɓe da wani siririn tantani. A na'urar naitiret tantanin na roba ne, an cakuɗa shi da wani sinadari da ya fi son naitiret a kan sauran. Na biyu shi ne abokin gwami, wata 'yar waya ta azurfa da ke cikin ruwan gishiri, wadda ƙarfin lantarkinta ba ya canzawa. Na uku shi ne mita, mai auna bambancin da ke tsakanin biyun ta mai da shi lamba a kan fuska.

Idan ka ɗiga ruwa mai naitiret a kan tantanin, ƙwayoyin naitiret na shiga da fita a fuskarsa har a sami ɗan ƙarfin lantarki, ɗan mitsitsi, wanda ake aunawa da milibolt, wato kashi ɗaya cikin dubu na bolt. Wani masani Bajamushe, Walther Nernst, shi ya fitar da lissafin wannan a 1889. Abin da lissafin ke cewa a taƙaice: a zafin digiri 25, duk lokacin da naitiret ya ninka sau goma, ƙarfin lantarkin yana motsawa da kusan milibolt 59. Daga 10 zuwa 100, milibolt 59. Daga 100 zuwa 1000, wani 59 ɗin.

Ka riƙe wannan, domin nan ƙarfin na'urar yake kuma nan rauninta yake. Tana iya auna kaɗan tana iya auna mai yawa, amma kuskuren milibolt ɗaya tak yana kawo kuskuren kusan kashi 4 cikin 100 a lambar da za ka gani. Ɗan datti a kan tantani ko zafin rana ya isa ya jawo haka.

Fasahar ba sabuwa ba ce, kuma da noma ta fara shiga kasuwa. A 1934 Arnold Beckman ya ƙera mitar auna tsami a Kalifoniya ta Amurka don masu sarrafa lemon tsami. A 1966 wasu masana biyu, Frant da Ross, suka fito da bakin auna fulorayid mai amfani da wani ɗan dutse mai sheƙi maimakon roba, ba da daɗewa ba na naitiret ya biyo baya. Abin da ya canza yanzu shi ne sun ƙanƙance har suna shiga aljihu.

Kada ka rikita ire-irensu

Kala uku za ka ci karo da su. Akwai wadda muka bayyana, mai tantani, kowane baki da sinadarinsa: bakin naitiret daban, na kulorayid daban, na fulorayid daban. Akwai mai 'yar takarda da ake sakawa a jefar bayan gwaji ɗaya, irin tsarin na'urar da masu ciwon suga ke gwada jini da ita. Ita tana tura ɗan lantarki ne ta auna yawan wutar da ta gudana. Sai mitar da ake rubuta wa EC, wadda ke auna jimlar duk gishirin da ya narke a ruwa. Tana da arha kuma tana da amfani sosai ga mai noman rani, sai dai ba ta bambance naitiret da gishirin miya.

A nan ne ake cutar mutane. Akwai wasu na'urori masu ƙafafun ƙarfe da ake tallatawa a intanet, a ce ka soka a ƙasa nan take ta ba ka naitirojin da fosforas da fotasiyam. Yawancinsu jimlar gishiri kawai suke aunawa, sai su yi kirdadon sauran. Gwaji mai sauƙi: jiƙa ƙasa da ruwan gishirin miya ka soka ta. In ka ga lambobin takin sun tashi, ka san abin da ka saya. Shi fosfet har yanzu ɗakin gwaji ne maganinsa, inda ake auna shi ta hanyar launin shuɗi da yake bayarwa in an zuba masa wasu sinadarai. Irin wannan sai ka kai ƙasarka wurare irin su Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, ko Jami'ar Bayero a Kano, ko INRAN ga mutanen Nijar.

Auna naitiret a ƙasa, mataki-mataki

Lokacin da ya fi dacewa ga masara shi ne dab da taki na biyu, tana da tsawon santimita 15 zuwa 30.

1. Zaga gonar kana karkacewa dama da hagu, ka ɗebi ƙasa daga wuri 15 zuwa 20, daga sama har zurfin santimita 30. Ka kauce wa gindin bishiya, suri, tsohon juji, da daidai ramin da aka binne taki. Idan gonar rabi jigawa rabi fadama ce, kowanne a gwada shi daban.
2. Haɗa su a bokitin roba mai tsabta, ka cakuɗa sosai. Kada ka yi amfani da buhun taki ko kwanon da ake awon taki da shi.
3. Ka baza ta a inuwa, sirara, ta bushe da wuri. Ƙasa mai danshi da aka ƙulle a leda cikin zafi tana ci gaba da haifar da naitiret, sai ta ba ka lambar da ta fi ta gona.
4. Auna giram 50 na busasshiyar ƙasa ka zuba mata mililita 100 na tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir, ba asid ɗin ba. Ruwan rijiya ko na leda bai yi ba, don shi ma yana iya zuwa da nasa naitiret. Fara ɗiga ruwan shi kaɗai a na'urar ka tabbata babu komai a cikinsa.
5. Girgiza minti biyu, ka bar shi ya kwanta, ka tace.
6. Saita na'urar da ruwan saiti guda biyu da ake sayar da ita da su. Ƙaramar mitar Horiba misali, nata 150 ne da 2000. Ka yi saitin a ranar gwajin, a inuwar da za ka yi gwajin.
7. Ɗauraye bakin, ɗiga ruwan ƙasar ya rufe tantanin, jira lambar ta tsaya, ka rubuta tare da kwanan wata da sunan gona.

Lissafin lambar

Na'urar tana ba da lamba a ma'aunin ppm, wato miligiram nawa a lita ɗaya. Abu na farko, duba fuskarta: NO3 aka rubuta ko NO3-N? Na farko nauyin naitiret ne gaba ɗaya, na biyu nauyin naitirojin ɗin da ke cikinsa kawai. Don komawa daga na farko zuwa na biyu sai ka raba da 4.43. Wanda ya manta da wannan zai ɗauka gonarsa ta ninka ƙarfinta sau huɗu, ya hana ta taki.

Misali, ta nuna maka 22 a NO3. Raba da 4.43, ka sami kusan 5. Tunda ruwan ya ninka ƙasar sau biyu, sai ka ninka: 10. Ke nan kowane kilo na ƙasarka yana da miligiram 10 na naitirojin a sigar naitiret. Ƙasar hekta ɗaya zuwa zurfin santimita 30 tana da nauyin kilo miliyan huɗu da 'yan kai. To 10 ɗin nan na nufin kusan kilo 40 na naitirojin a hekta, ƙasa kaɗan da buhu biyu na yuriya.

Wannan tsari na gwada gonar masara kafin taki na biyu, Fred Magdoff ne ya fito da shi a jihar Bamont ta Amurka a 1984. A can, in lambar ta kai 20 zuwa 25, ƙarin taki ba ya cika ƙara amfani. In ta yi ƙasa da 10, gona na buƙatar cikakken kasonta. An fitar da waɗannan lambobi ne a ƙasarsu da yanayin ruwansu, don haka ka ɗauke su a matsayin manuniya. Hanyar da za ka mai da su naka ita ce: duk inda lamba ta yi sama har ka rage taki, ka ware kunya biyar ka ba su cikakken kaso, in kaka ta yi ka auna bambancin. Shekara biyu ko uku da rubutu a littafi, za ka san lambar gonarka.

Gwada ruwan jikin shuka

Masu tumatir da tattasai na iya tambayar shukar da kanta. Tsinko ganye 20 daga sassa daban-daban, ka zaɓi wanda ya gama buɗewa kwanan nan, yawanci na huɗu ko na biyar daga tsiko. Cire faffaɗan, ka bar sandar da ke riƙe ganyen, ka yayyanka ka matse ruwan ka ɗiga. Jadawalin Jami'ar Fulorida na tumatirin fili, a ma'aunin NO3-N, ya ba da 1000 zuwa 1200 lokacin da ya fara ɗaurin fure, 600 zuwa 800 in fure ya buɗe, 400 zuwa 600 in 'ya'ya sun fara girma, sai 300 zuwa 400 a tsinkar fari. Ka ga lambar sauka take yi da girman shuka, wannan ba matsala ba ce. Matsala ita ce faɗuwa da sauri ƙasa da inda ya kamata. Kullum ka riƙa gwadawa a lokaci ɗaya na yini, kuma ba a kan shukar da ƙishirwa ta kama ba.

Ruwan ban ruwa

Mai noman rani ya gwada ruwansa don abu biyu. Na ɗaya, yana iya ƙunsar taki kyauta. Ruwa mai 10 a ma'aunin NO3-N, idan jimlar abin da ka ba gona a rani ta kai zurfin milimita 500, ya zuba maka kilo 50 na naitirojin a hekta, fiye da buhu biyu na yuriya. Masu lambu a bayan gari da ke ja daga magudanar da ta ratso cikin birni su suka fi cin karo da wannan. Ƙara cikakken taki a kai sai ya sa tumatir ya yi ta ganye ba 'ya'ya, albasa kuma ta yi ƙaton wuya ta ƙi ajiya.

Na biyu shi ne kulorayid. Ƙa'idar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa ga ban ruwa ta kwarin kunya, ƙasa da miligiram 140 a lita ba damuwa. Daga 140 zuwa 350 a fara hattara. Sama da haka akwai babbar matsala. In ana fesa ruwan a kan ganye ne, iyakar tana saukowa kusan 100. Albasa da karas ba sa jure gishiri, tumatir na da ɗan dama, alkama ta fi su juriya. Ka gwada a farkon rani, ka sake a watan Maris ko Afirilu lokacin da ruwa ya ja baya, don a lokacin gishirin ke taruwa.

Ruwan sha

Naitiret ɗin da ya tsere daga gona, ko daga garke, ko daga masai, rijiya yake nufa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 50 a lita a ma'aunin NO3, wato kusan 11 a NO3-N. Haɗarin ya fi kan jarirai 'yan ƙasa da wata shida da ake dama wa madara ko koko da ruwan, domin yana hana jini ɗaukar iska har leɓe da farce su yi shuɗi-shuɗi. Tafasa ruwa ba ta cire shi, ƙara masa ƙarfi ma take yi tunda ruwa ke ƙonewa shi ya zauna. In rijiyar gida ta wuce iyaka, a nemo wa jarirai wani ruwa tun ranar, a kai samfur ɗakin gwaji a tabbatar.

Fulorayid kuwa daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, iyakarsa miligiram 1.5 a lita. Ba shi da launi, ba shi da wari. A Tibiri kusa da Maraɗi, ruwan wata rijiyar burtsatse mai yawan fulorayid ya lanƙwasa ƙafafun yara da dama kafin a gano dalili, kuma a yankin Langtang na jihar Filato an san matsalar dafewar haƙora daga ruwa. Duk sabuwar burtsatse, a gwada ta kafin a fara sha. Gwajinsa na buƙatar a haɗa ruwan da wani ruwan magani na musamman, don haka aikin ma'aikatan ruwa ne ko ɗakin gwaji.

Inda na'urar ke ɓata lissafi

Tantanin naitiret ya fi son naitiret, amma ba shi kaɗai yake gani ba. A ƙasa ko ruwa mai yawan gishiri ko kanwa, kulorayid da 'yan'uwansa na kutsawa su ɗaga lambar. In mitar EC ta nuna gishiri da yawa, kada ka rage taki bisa wannan lambar sai ɗakin gwaji ya tabbatar.

Kwana biyu ko uku bayan zuba yuriya lambar za ta yi ƙasa, ba don takin ya gudu ba, sai don bai koma naitiret ba tukuna. A fadamar shinkafa da ruwa ke kwance kuwa, kada ma ka wahalar da kanka: a can naitirojin yana zama amoniyam ne, naitiret ba ya daɗewa. Sannan bayan ruwan shuka na farko, ƙasa kan saki naitiret da yawa na ɗan lokaci, wanda ruwan da ke biye kan wanke. Lambar farkon damina ba ta wakiltar ta tsakiyarta.

Zafi ma abokin gaba ne. Kada ka bar na'urar ko ruwan saitinta a cikin mota ko a rana. Kada ka goge tantanin da farce ko tsumma mai kaushi, ka ɗauraye ka tsane shi da takarda mai laushi. Bakin yana tsufa ko ana aiki da shi ko ba a yi. In ka ga lamba ta ƙi tsayawa ko saiti ya ƙi karɓuwa, lokacin canza shi ya yi.

Wa ya kamata ya saya?

Ga mai kadada ɗaya ko biyu, ba sai ya mallaki tasa ba. Ta fi dacewa da ƙungiyar manoma ko masu noman rani da ke jan ruwa daga wuri ɗaya, a ɗora wa mutum ɗaya mai natsuwa da iya rubutu alhakinta. Kafin ku biya kuɗi ku tambayi mai sayarwa abu uku: wane sinadari guda take aunawa, ana samun ruwan saiti a kusa, kuma nawa ne sabon baki? In ya kasa amsa ɗaya daga ciki, ku riƙe kuɗinku. In kun saya, ku raba samfurin ƙasa guda gida biyu, rabi ku gwada, rabi ku kai ɗakin gwaji, ku ga ko bakinsu ya zo ɗaya. Wanda kuma ya sami lambar da ta ɗaure masa kai, ya kai littafinsa wurin malamin gona na yankinsa su duba tare kafin ya buɗe buhu.